Sassaucin ra'ayi ba rashin matsaya ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Kullum ku 'yan jarida kuna kiran irin su jam'iyyar Liberal Democrats ta Birtaniya "masu sassaucin ra'ayi". Ƙanena da ke Kano ya ɗauka ana nufin 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa, waɗanda ba su nan ba su can. Na fi shekara 20 a Sheffield, kuma da yake ɗan Najeriya mai takardar zama yana da ƙuri'a a nan albarkacin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, na sha shiga rumfar zaɓe ina dangwalawa da guntun fensirin nan da ake ɗaurewa da zare. Ku ba ni fili in faɗi abin da na gani.

Aƙidarsu tana da ƙashin baya, wato gwamnati ta cire hannunta daga abin da mutum ya zaɓar wa kansa muddin bai cutar da wani ba. Shi ya sa suka yaƙi katin shaidar ɗan ƙasa har aka soke shi a 2010. A 2003 kuma, lokacin da Charles Kennedy ke jagorantarsu, sun ƙi amincewa da yaƙin Iraƙi, alhali shugabannin manyan jam'iyyun biyu, Labour da Conservative, sun goyi baya. A nan suka sayi zukatan Musulmi da yawa, har da ni.

Amma kada wani ya ruɗi kansa. Ƙa'idar da ta hana hukuma taɓa hijabin maiɗakina, ita ce ta sa suka kasance kan gaba wajen dokar auren jinsi ta 2013. Sun ce wanda ya nemi a ƙyale shi, sai shi ma ya ƙyale maƙwabcinsa. Wannan ya tsaya mini a wuya, amma ba zan ce sun yi baki biyu ba.

Inda suka yi baki biyu shi ne kuɗin jami'a. Kafin zaɓen 2010 'yan takararsu sun sa hannu a takarda cewa ba za su yarda da ƙari ba. Suka samu kujeru 57 a majalisar dokoki, suka shiga gwamnatin haɗin gwiwa da David Cameron na jam'iyyar Conservative, shugabansu Nick Clegg ya zama mataimakin firaminista, sai ga kuɗin ya tashi daga fam dubu 3 da 'yan kai zuwa fam 9,000 a shekara. Clegg ya fito ya nemi afuwa a 2012, amma bakin alƙalami ya bushe. A 2015 kujeru 8 suka tsira da su, shi kansa ya rasa tasa a garin nan a 2017. Na tuna wani dattijo Bature a layinmu da ya cire allonsu mai ruwan goro daga ƙofar gidansa, ya jingine shi a bayan kwandon shara.

Sun farfaɗo a 2024 da kujeru 72 ƙarƙashin Ed Davey. Har yanzu takardunsu na faɗowa ta kafar ƙofata, yawanci a kan ramukan titi da ƙazantar da ake zubawa a koguna.

Roƙona, Malam Edita, ku zauna da masana Hausa ku samo mana wata kalmar. Ni dai "masu ra'ayin 'yancin kai" na faɗa wa ƙanena, ya ce hakan ya yi kama da 'yan a-ware.

Naku,
Wani mai karatu,
Sheffield, Ingila