Godiya ga masu wankin motar layinmu da suka ajiye tiyo

Zuwa ga maigidan wurin wankin motar da ke bakin layinmu a Ɗorayi, Kano, da yaran da ke aiki a ƙarƙashinsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna lafiya, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin godiyar da ake yi a tsaitsaye, ana miƙa kuɗi ana karɓar makulli, ba ta kai abin da ke raina ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Sannan ina so sauran masu mota su ji irin aikin da kuke yi da bokiti ɗaya, tunda da yawansu idan aka ce musu ana wanke mota ba tiyo ba ɗauraya, dariya suke yi.

Kowa a unguwar nan ya san yadda muke da ruwa. Famfo ya daɗe da zama kayan ado a gidaje, rijiyoyi suna ja da baya da zarar bazara ta kama, abin dogaronmu 'yan ga-ruwa ne da kurarsu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu rijiyar burtsatse suka ƙara kuɗin ɗiba saboda man janareta, jarka mai lita 25 ta zama abin lissafi a kowane gida. A cikin wannan hali, ganin ruwa yana kwarara daga ƙarƙashin mota ya bi kwata yana ƙona mini rai, musamman idan ga yara nan a gefe da robobi suna layi. Ga shi mota a garin nan ba ta kwana biyu da tsabta, balle lokacin hunturu, da iska ke kwaso ƙurar Sahara, mai yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ta sauke mana a kan komai.

Abin da ya fara jawo hankalina gare ku shi ne gaban shagonku a bushe yake. Babu taɓo, babu kumfa a kan titi, babu ƙugin inji. Da na tambaya, maimakon ku ɓoye sirrin sana'a, maigida da kansa ya ɗauko mini robar maganin ya nuna mini, Optimum No Rinse, na wani kamfani da ke Memphis a jihar Tennessee ta Amurka, wanda ya fito da shi a 2006. Ya nuna mini awon da kamfanin ya bayar: kashi 1 na magani ga kashi 256 na ruwa, wato mililita 30 a cikin ruwa kusan lita 8. Ko da an haɗa da abin da ke shiga tulun feshi, duka bai kai rabin jarka ba, kuma da shi ake gama ƙaramar mota tas. Ya ce akwai wasu kamfanonin da ke yin irinsa, wannan ne dai suka saba da shi.

Bayanin da ya yi mini ya zauna mini daram. Sabulu yana barin kumfa da santsi, shi ya sa dole a ɗauraye shi da ruwa mai yawa, in ba haka ba ya bushe ya yi dabbare-dabbare. Shi wannan ba ya kumfa. Akwai sinadaran folima a cikinsa da suke lulluɓe ƙwayar ƙura, su raba ta da jikin fenti, su sa wurin ya yi sulɓi, sai tawul ya ɗauke ta ba tare da ya ja ta a kan fentin ba. Ɗan abin da ya rage a jikin mota ba ya cutarwa, gogewa kawai yake buƙata. Na leƙa bokitin bayan an gama wata mota, na ga ruwan da sauran haskensa.

Amma ni abin da nake yabawa ya wuce maganin. Magani kowa na iya sayensa, hannun da ke aiki da shi ne ba kowa ke da shi ba. Na zauna a bencinku na kalli ƙaramin yaron nan mai fara'a yana wanke motata, kuma zan faɗi abin da idona ya gani. Da farko ya ce in shigar da ita ƙarƙashin rumfa, ya ɗora bayan hannunsa a kan bonet ya ce, "Baba, bari ta huce tukuna." Da ta huce sai ya ɗauko tulun feshi irin wanda manoma ke bugawa da hannu, ya fesa ruwan maganin a rufin motar har ya jiƙu sharkaf, ya ɗan dakata ƙurar ta yi laushi ta fara gangarowa da kanta. Sannan ya tsamo tawul mai laushi irin na maikurofaiba daga bokiti, ya ninka shi biyu ya sake ninkawa, ya zama yana da fuska 8. Ya ja shi a miƙe, ba danniya, ba zagaye. Ja ɗaya ko biyu sai ya juya sabuwar fuska. Da fuskokin suka ƙare bai mayar da tawul ɗin cikin bokiti ba, ya jefa shi a wata roba daban ya tsamo wani. Kafin wurin ya bushe ya bi shi da busasshen tawul. Haka ya yi ta bi, daga rufi zuwa gilasai, zuwa bonet da but, zuwa ƙofofi, ya bar gindin ƙofofi da bamba sai can ƙarshe saboda nan datti ya fi yawa. Tayoyi kuwa tsummansu da burushinsu daban ne, ba sa haɗuwa da na jiki ko a wurin ajiya.

Yana cikin aiki sai tawul ɗaya ya kuɓuce masa ya faɗi ƙasa. Bai karkaɗe shi ya ci gaba ba, ya ajiye shi cikin masu datti, alhali maigida ba ya wurin, ni kuma ina waya, bai san ina kallonsa ba. Wannan tarbiyya ce, kuma daga wurin maigida ta fito. Duk wanda ya taɓa duba baƙar mota a rana ya ga siraran zane sun cika jikinta kamar saƙar gizo-gizo, to aikin tsumma ɗaya ne da ya goge taya ya dawo ya goge ƙofa, da soso mai yashi, da omon wankin kaya da ke cinye man ƙyallin da aka shafa. Shafin da ke kan fentin mota siriri ne ƙwarai, abin da yashi ya kankare ba ya dawowa. Tun da motata ta dawo hannunku ban ga sabon zane ya ƙaru ba, kuma farin tabon nan da ruwan burtsatse ke bari a gilas idan ya bushe a rana ya daina fitowa.

Akwai kuma gaskiyarku, wadda ita ce ta sa na ɗauki biro. A damina na dawo daga ƙauye, laka ta kama motar har ta bushe a gindin ƙofofi da cikin gurbin tayoyi. Na kawo muku kamar kullum. Maigida ya zagaya ta ya ce, "Alhaji, wannan ba aikin bokitinmu ba ne. Idan na sa mata tawul a haka zan ɓata maka fenti. Ka je masu inji su fara kakkaɓe lakar da ƙarƙashin motar, sannan ka dawo mu ƙarasa." Ya tura ni wurin abokan sana'arsa, ya bar kuɗin da yake iya karɓa in tafi ban san komai ba. A ranar ya kuma bambance mini wannan wanki da wanda ake fesawa kawai a goge ba tare da bokiti ba, ya ce wancan na 'yar ƙura ce marar yawa, kada in yarda a yi wa mota mai datti sosai. Mai sana'ar da zai gaya maka iyakar abin da kayansa ke iya yi abin riƙewa ne.

Wasu suna ganin wannan salon Turawa ne da bai dace da mu ba. A ganina mu ya fi dacewa da shi. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, lokacin farin da ya kusa ƙafar da madatsunsu, an ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana tun daga watan Fabrairun 2018, aka hana wanke mota da ruwan famfo. Lita 50 jarka biyu ce. Gidaje nawa ne a unguwanninmu da kowane mutum a ciki yake samun jarka biyu a rana? Su doka ta tilasta musu na ɗan lokaci, mu kuwa haka muke rayuwa shekara da shekaru, amma sai ka ga an ƙarar da rabin kura a kan mota ɗaya.

Maƙwabtanku ma sun amfana, ko da ba su faɗa ba. Mai shayin da ke gefenku ba ya fama da taɓo a gaban teburinsa, masu zuwa masallaci suna wucewa ba sa tattare riga, babu ruwan da ke kwanciya sauro ya yi ƙwai, kwaltar wurin ba ta farfashe ba yadda take yi a inda ruwan wanki ke bi kullum. Kuma da yake kayan aikin ba su wuce a ɗaura a bayan babur ba, kun je har gida kun wanke wa wata dattijuwa a layinmu motar da 'ya'yanta ke kai ta asibiti da ita, a cikin garejinta, ba ku jiƙa mata ko bakin ƙofa ba.

Ina da roƙo biyu. Na farko, ku ci gaba da wanke tawul ɗin nan daban kuna shanya su a inda ƙura ba ta kai, kuma wanda ya tsufa ya yi kaushi a mayar da shi na taya, ko da ciniki ya yi yawa kun ga kamar ɓata lokaci ne. Na biyu, maigida, ka ƙara ɗaukar yara kana koya musu. Akwai matasa da yawa a unguwar nan da suke son sana'a amma ba su da kuɗin haƙa burtsatse ko sayen inji da janareta, wannan kuwa jarinta bokiti ne da tulun feshi da tawul masu kyau da robar magani. Ni a shirye nake in saya wa yaro ɗaya kayan farawa idan ka yaye shi ka ce ya iya.

Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya ƙara buɗi, Ya raya muku zuri'a, Ya saka wa iyayen yaran nan da alheri. A gaida kowa da kowa a shago.

Naku,
Wani abokin cinikinku kuma maƙwabcinku a Ɗorayi, Kano.