Furen wardi na farko da lokacin yi masa aski a ƙasarmu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin masu son shuka wardi a tsakar gida, waɗanda ke sayen dashe a bakin titi a Kaduna, Kano ko Jos, su yi ta ban ruwa wata da watanni ba su ga fure ba sai ganye.

Yawancin shawarar da ake samu a intanet ta Turawa ce, inda wardi ke kwanciya lokacin ƙanƙara, ya buɗe furen farko a watan Yuni. A nan ba ya kwanciya da kansa, mai gida ne ke sa masa lokaci ta hanyar aski. Daga ranar da aka datse rassa zuwa buɗewar fure makonni 6 zuwa 8 ne. Wanda ke son fure a farkon damina sai ya yi aski mara tsanani idan ruwan farko ya jiƙa ƙasa. Babban aski kuwa a bari sai ƙarshen damina, wajen Oktoba, domin furen Disamba, lokacin sanyi, ya fi girma da kauri da daɗewa a kan reshe. Aski a tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da Kano ke kai maki 40, kuskure ne: tohon zai ƙone, furen da ya tsira ya fito ƙanƙane. Jos, da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ta fi sauran garuruwa sassauci a wannan.

A cire busassun rassa da waɗanda suka gitta juna, a bar ƙarfafa uku zuwa biyar. A yanka a karkace, kamar rabin santimita sama da idon da ke fuskantar waje, don sabon reshe ya fita waje, iska ta samu shiga tsakiya. Almakashi ya kasance mai kaifi, don dakusasshe murƙushe reshe yake yi, ya yi baƙi daga sama ya gangaro.

Akwai abin da ke yaudarar mutane da yawa. Galibin wardin da ake sayarwa ɗan aure ne, kamar mangwaro. Duk tohon da ya fito daga ƙasan mahaɗin auren na uwar saiwa ne, yana saurin girma, yana shanye abincin na sama har ya kashe shi. A tone ƙasa kaɗan a fizge shi daga tushe. In an datse shi kawai, sake tohowa zai yi.

Wardi na son rana ta awa shida, kuma a wurinmu ta safe ta fi, ya samu inuwa bayan azahar. In a tukunya za a shuka, ta kai zurfin santimita 40, da huji a gindi. A haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen takin shanu kashi ɗaya, in ƙasar laka ce a ƙara yashi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Bayan aski a barbaɗa babban cokali ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 nesa da kara da tsawon tafin hannu, a ba da ruwa nan take, a maimaita duk bayan wata guda. Yuriya zalla ganye take kawowa, fure ya yi ƙaranci. Ɓawon gyaɗa a kan ƙasa na riƙe danshi, amma kada ya taɓa kara, saboda gara.

Ciwon damina shi ne baƙin tabo a ganye mai kewaye da rawaya, har ganyen ya zube. Yana kamawa ne idan ganye ya daɗe a jiƙe, don haka a zuba ruwa a gindi da safe, a kwashe ganyen da ya faɗi a ƙone. Ƙananan ƙwarin da ke taruwa a kan ƙullin fure kuma, a daka ƙwayar 'ya'yan darbejiya giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ta kwana, a tace, a ɗiga sabulu kaɗan, a fesa da yamma.

Idan furen farko ya fito, a tsinke shi da sassafe yana rabin buɗewa. Manoman Ɗa'ifa a Saudiyya, inda ake yin turaren wardin da alhazai suka sani, tun asuba suke tsinka nasu kafin rana ta kwashe ƙamshin. A cire ganyen da zai nutse a ruwa, a sake datse gindin karan, a riƙa canza ruwan duk kwana biyu. Wanda aka bari a jikin itace, da zarar ya fara yaushi a yanke shi sama da ganyen farko mai ƙananan ganyaye biyar. In aka bar shi zai koma yin iri, zagaye na biyu ya yi jinkiri. Sabon dashe da bai kai wata uku ba kuwa, ina ganin gara a cire masa ƙullin farko tun bai buɗe ba, ko da zuciya ba ta so, don ƙarfinsa ya tafi ga saiwa.

Naka,
Wani mai renon dashen furanni, Kaduna