Malamin turancinku ya koyar da kuskure kan kalmar diverge

Assalamu alaikum Edita.

Gaskiya shirin koyon turanci na ranar Asabar ɗin nan ya ɓata min rai matuƙa. Haba jama'a! Ta yaya mutum zai zauna gaban makirfo ya gaya wa dubban masu sauraro wai diverge daidai take da tarwatsa, har ya kafa misali da "the police diverged the crowd", bai tsaya nan ba sai da ya sa yarinyar da suke gabatarwa tare ta maimaita, ita kuma ta maimaita tana dariya? Babu Baturen da zai faɗi haka wallahi. In 'yan sanda sun tarwatsa taro disperse ake cewa, in kuma sun karkatar da motoci zuwa wani titin to divert ce, kuma ina ganin waɗannan biyun ne suka cakuɗe masa a ka saboda sun yi kama a kunne.

Diverge fa abubuwa ne da suka taso daga wuri guda, suna tafiya tare, sai kowanne ya kama gabansa, kuma duk sanda aka ƙara gaba tazarar da ke tsakaninsu sai ƙara faɗi take. Hanya ɗaya ta rabu biyu a mararraba, "the roads diverge". Mutum biyu sun faro magana bakinsu ɗaya, da aka zo tsakiya ra'ayi ya sha bamban, "their views diverge". In za ka ambaci abin da aka kauce wa sai ka sa from a gabanta. Daga Latin ta fito, dis wato dabam dabam da vergere wato karkata, kishiyarta kuma converge, abubuwan da suka taso nesa da juna suka haɗu wuri guda. A maganar yau da kullum aikatau ce ƙi-karɓau, ba ka yi wa wani ita, su abubuwan ne da kansu suke rabuwar. Ko ƙaramin ƙamus na ɗalibai ya buɗe zai gani, minti ɗaya ba zai ɗauke shi ba.

Abin da ya sa na ɗauki zafi, ni fiziks nake koyarwa a sakandare kuma wannan zangon muna kan darasin haske. Ranar Litinin na zana musu gilashin nan mai siririn tsakiya da kaurin gefe, na ja layukan haske sun shigo a miƙe kafaɗa da kafaɗa, da suka fita ta ɗaya ɓangaren sai suka buɗe suna nisanta da juna, na rubuta diverging lens a ƙasa, na ce irinsa ake sa wa a tabarau na masu ganin kusa ba sa ganin nesa. Sai wani yaro daga layin baya ya ɗaga hannu wai malam ai a rediyo an ce diverge da disperse duk ɗaya ne. Kai! A fiziks kuwa abu biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Dispersion shi ne in farin haske ya ratsa gilashi mai kusurwa uku ya fito launi launi irin na bakan gizo, abin da masanin kimiyya Isaac Newton ya yi bayani tun 1672. Yaron da ya sauya ɗaya da ɗaya a jarabawa ya rasa makin tambayar gaba ɗaya, kuma ba malaminku za a tuhuma ba, ni za a tuhuma. Rabin darasin a gardama ya tafi, don yaran nan duk abin da ya fito daga rediyo sun ɗauke shi yankan wuƙa ne, ni da nake tsaye gabansu da alli a hannu sai na koma abin zargi. Eh na sani a wasu littattafanmu ana cewa gilashi "diverges the rays", amma wannan yaren ɗakin gwaji ne, kuma ko a can ma buɗewar layuka ake nufi ba watsa mutane ba. Malamin jogarafi ma da na ba shi labari kama kai ya yi, don shi yana da divergent boundary, inda faifan ƙasa biyu, wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya, ke ja da baya da juna 'yan santimita kaɗan a shekara kamar a tsakiyar tekun Atlantika, yanzu sai yara su ce masa ƙasar ce ta tarwatse.

Dan Allah ku sa ya dawo Asabar mai zuwa ya gyara da bakinsa, a farkon shiri ba a ƙarshe ana sauri ba.

Sannan kuma kiɗan nan da kuke sa wa a ƙarƙashin kanun labaran safe ya yi ƙara da yawa, mahaifina kullum sai ya tambaye ni me aka ce, ku rage shi ko ku cire gaba ɗaya.

Naku mai sauraro a kullum.