Yarona yana susa har jini, surukata ta ce rashin wanka ne

Assalamu alaikum Malama. Don Allah ki karanta wasiƙata a shirin wannan makon, amma ki sakaya sunana.

Daren jiya ban runtsa ba. Yarona ɗan shekara 3 ya kwana yana susa yana kuka. Da asuba na haska shi, na ga bayan gwiwoyinsa da lanƙwasar hannunsa sun tsattsage, har da ɗigon jini a zanen gado. Ƙaurinsa kuwa ya yi fari fat, in kin ja farce sai ki ga layi ya fito kamar a kan toka.

Malama, ba wai ban san abin yi ba ne. Na san tun daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu da ke tasowa daga hamada ba ta da laima ko kaɗan, zuƙe ruwan fata take yi. Fata kuma tana da maiƙonta na halitta da ke riƙe mata ruwa, ruwan zafi da sabulu mai ƙarfi su ne ke wanke shi. Da ya tafi sai fata ta bushe ta dare, sai ƙaiƙayi, in an sosa ta ƙara darewa, ƙaiƙayin ya ƙaru. Shi ya sa nake yi masa wanka sau ɗaya a rana, da ruwan ɗumi wanda in na tsoma gwiwar hannuna ba na jin zafi, kuma ba ya wuce minti 5 zuwa 10. Sabulu marar ƙamshi, a wuya da hammata da matsematsi da ƙafa kawai, babu soso. In ya fito ba na goge shi, daddanna tawul nake yi, kuma kafin minti 3 na shafe shi da mai tun jikin yana da danshi, domin aikin mai shi ne ya kulle ruwan da ke jiki. In an bari ya bushe ƙarau kafin a shafa, ƙyalli kawai za a gani. Man kaɗe cokali biyu, baselin cokali ɗaya, in murza a tafin hannu ya narke, safe da dare, wani lokaci har da rana. Man nan mai ruwa-ruwa na kwalba ba ya riƙe fata a wannan yanayi, ga turaren da ke cikinsa yana ƙara masa raɗaɗi. Bara haka muka fita ɗari lafiya lau.

To, yau mako uku ke nan da uwar maigidana ta zo. Tun ranar da ta ga yana susa ta ce dauɗa ce, wai mu matan yanzu ƙyuyar wanka muke yi wa 'ya'ya. Sai ta karɓe wankan. Safe da yamma, ruwa yana tururi, ta dirje shi da soso da sabulun salo, ta ɗiga ruwan kashe ƙwayoyin cuta a bokiti. Ta bar shi a tsakar gida iska tana dukansa kafin ta nemo mai. Ta sa masa rigar sanyi ta ulu kai tsaye a jiki, alhali na sha cewa a fara sa ta auduga a ciki, domin gashin ulu yana soke fata. Da dare ta zaunar da shi gaban kaskon gawayi har ya yi gumi. Ko uffan ba ta bari in ce, sai ta ce ta raini tara ba a taɓa koya mata ba.

Na manta ban faɗa ba, da safe ina fita aiki, sai azahar nake dawowa. Gaskiya akwai kwana biyu da man kaɗen ya ƙare ban sayo da wuri ba, kuma farcensa ya yi tsawo ban yanke ba. Amma kwana biyu ba za su yi wannan ɓarna ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, shekaranjiya na tarar da wani man kyamis ƙarƙashin filonta, irin wanda ake cewa mai aiki uku. Na karanta kwalinsa, akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wato maganin da ke danne kumburi. Irinsa yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, a ɗauka an warke, amma in aka daɗe ana shafawa fata tana yin siriri ta yi haske, jikin ƙaramin yaro kuma yana zuƙarsa. In an daina, abin ya kan dawo fiye da da. Har a fuska take shafa masa. Yanzu kuma surukar tawa cewa take ƙazuwa ce. Amma na duba tsakanin yatsunsa da wuyan hannunsa, inda ƙazuwa ta saba fitowa, babu ƙuraje, kuma babu wani mai susa a gidan. Sai dai yanzu wuri ɗaya ya fara yin ɓawo ruwan ɗorawa yana tsattsafo da ruwa, kuma na san alamar ƙwayar cuta ta shiga ke nan.

Na faɗa wa baban yara, ya ce in yi haƙuri, mahaifiyarsa ce, in na kai shi asibiti za ta ce na raina ta.

Malama, wurin da ya yi ɓawon, in ci gaba da sa masa man kaɗe ko in dakata sai likita ya gani? Kuma in na ɗauke shi gobe na kai shi ba da sanin ubansa ba, na yi laifi? Ko in tafi da shi gidanmu har ta koma? Da wane baki zan ce wa uwar mijina ta ajiye soson nan?

Daga mai sauraronki a Gusau.