A riƙa yi wa mutane bayanin hadarin ƙarshen kaka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan abin da ke damuna duk shekara in Nuwamba ta kama. Labaran nan guntu-guntu ake kawo su, yau a ce dusar ƙanƙara ta rufe hanya a kan duwatsun Amurka, gobe a ce ambaliya, jibi a ce tsawa da aradu, sai mai karatu ya ɗauka masifu ne daban-daban alhali yawanci hadari ɗaya ne ya taso daga tekun Pasifik ya shigo yana rabon kayansa.

Ni direban tirela ne a Kalifoniya, hanyar I-80 nake bi daga Sakramento zuwa Reno, da idona nake ganin abin nan. Zaka baro gari ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, waifa ma ta kasa share gilashi, kana fara hawan duwatsun Siyera Nebada sai ruwan ya fara kauri yana mannewa, kafin ka kai mashigar Donner da tsayinta ya kai wajen mita 2,200 wallahi ko fitilar motar gabanka ba ka gani, komai ya yi fari fat. A nan ne ake tsayar da mu a ce sai an ɗaura sarƙa a taya don kar mota ta zame, ka durƙusa cikin jagwalgwalon ƙanƙara yatsunka sun sandare ko ƙugiyar sarƙar ba ka ji a hannunka. Dalilin wannan sauyin kuwa ba wani ɓoyayye bane, duk mita 1,000 da ka hau sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6, to ruwan da ya jiƙa na ƙasa shi ne ƙanƙarar na sama. Ga shi a wannan lokacin teku bai gama hucewa daga zafin bazara ba, iska mai sanyi kuma ta gangaro daga arewa, in suka haɗu ai akan ji tsawa.

Ni fa ba na tsine wa ƙanƙarar nan duk da wahalar da take ba mu, domin ita ce ajiyar ruwa, kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da Kalifoniya ke amfani da shi daga narkewarta yake fitowa. Wanda nake tsoro shi ne hadari mai ɗumi, wanda ke jawo danshi tun daga wajen Hawai, ya zo ya zuba ruwa kan ƙanƙarar da ta riga ta kwanta, sai su gangaro tare. Haka aka yi a Biritish Kolombiya ta Kanada a Nuwamban 2021, aka kwashe mutanen garin Merit kaf, zaftarewar ƙasa ta kashe mutane a kan hanya, birnin Bankuba kuma ya yanke daga sauran ƙasar ta hanyar mota na kwanaki.

Abin da ya sa na ɗau alƙalami, bara na tarar da wata ƙaramar mota ta maƙale a gefen hanya can sama, magidanci da matarsa da yaro ɗan ƙarami ko rigar sanyi ta kirki babu a jikinsa, baƙi ne sabbin zuwa, babu sarƙa babu bargo, mai ya kusa ƙarewa. Ya ce min ai da suka taso yayyafi kawai ake yi. Har yau in na tuna yadda yaron nan ke karkarwa raina sai ya ɓaci.

To Malam Edita ina roƙonku, kuna da masu karatu a ƙasashen nan, ɗalibai da masu neman halal, in za ku kawo labarin irin wannan hadari ku haɗa da bayani cewa ruwa a ƙasa na nufin ƙanƙara a tudu, mutum ya duba hasashen yanayi na kan dutsen ba na garin da yake ba, ya cika tanki, ya sa sarƙa da bargo da ruwan sha a but, in kuma ya ga ruwa ya rufe kwalta ya juya kawai kar ya ce zai gwada.

Naku mai karatu,
wani direba daga Kalifoniya