Yaya, ga lissafin ƙarin albashin da kuka ji a rediyo

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa na lafiya. A gaishe min da Baba da Inna, a tambaye su jiki da sanyin hunturu. Mu ma nan Ingila lafiya, sai godiyar Allah.

Na ga saƙonka kan labarin cewa gwamnatin Birtaniya ta ƙara mafi ƙarancin albashi, har Inna tana cewa ashe kuɗin wata zai ƙaru. Labarin gaskiya ne. A kasafin kuɗin da ministar kuɗi Rachel Reeves ta gabatar ranar 26 ga Nuwamba 2025, an tabbatar cewa daga Afrilu 2026 awa ɗaya za ta tashi daga fam 12.21 zuwa fam 12.71 ga mai shekara 21 zuwa sama. Sai dai a nan wanda ya san kan abin ba ya yanke hukunci da jawabin minista. Yana jira washegari, lokacin da cibiyoyin bincike masu zaman kansu ke zama su warware kasafin filla-filla a gaban 'yan jarida.

Babba a cikinsu ita ce Institute for Fiscal Studies, wadda ake kira IFS, da aka kafa a Landan a 1969. Paul Johnson ya shugabance ta daga 2011 zuwa 2025, yanzu Helen Miller ce. Akwai kuma Resolution Foundation, wadda ta fi mai da hankali kan aljihun masu ƙaramin ƙarfi. Ba su da ikon sa haraji ko cire shi. Aikinsu su ɗauki alƙaluman gwamnati da hasashen OBR, wato hukumar da aka kafa a 2010 don duba lissafin baitulmali, su ce ga wanda zai biya, ga nawa, ga lokacin da zai fara ji a jikinsa.

Abin da suka daɗe suna nunawa shi ne harajin da ake ƙarawa ba tare da an ce an ƙara ba. Fam 12,570 na farko da mutum ya samu a shekara ba a taɓa shi. Abin da ya hau kai ana cire kashi 20 cikin ɗari, har zuwa fam 50,270, daga nan kuma kashi 40. A da, kusan kowace shekara ana ɗaga waɗannan iyakoki. Ministan kuɗi na lokacin, Rishi Sunak, ya daskarar da su a 2021, Jeremy Hunt da ya riƙe kujerar daga baya ya tsawaita zuwa 2028, yanzu Reeves ta kai su 2031. Kamar a ɗinka wa yaro riga ne a ce ita zai sa shekara goma. A tsakani farashi ya tashi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, hauhawar ta taɓa kai kashi 11.1 a Oktoba 2022. Da iyakar ta bi farashi, da yanzu ta wuce fam 15,000. Minista zai iya rantsuwa bai taɓa kashi 20 ɗin nan ba, kuma babu kaffara a kansa, amma kowane ƙarin albashi gaba ɗayansa yana faɗawa cikin ɓangaren da ake yanka.

Ɗauki biro mu yi tare. Mai aikin awa 37 da rabi a mako yana yin awa 1,950 a shekara. A kan fam 12.21 albashinsa fam 23,810 ne. Cire 12,570, saura 11,240. Harajin kashi 20 ya ci 2,248. Inshorar ƙasa, wadda ita ma haraji ce da wani suna, kashi 8 ce, ta ci 899. Abin da ke shiga hannu kusan fam 1,720 ne a wata, kafin a cire kashi 5 na fansho daga wani ɓangare na albashin, kafin haya da harajin ƙaramar hukuma da wuta da gas da kuɗin bas. To, ƙarin kwabo 50 a awa ya zama fam 975 a shekara. Gwamnati ta ɗauke kashi 28, wato 273. Saura 702, kimanin fam 58 a wata. Idan mai gida ya ƙara haya, ko kamfanin wuta ya motsa, shi ke nan an cinye. Kada ka juya fam 975 zuwa naira ka karanta wa Inna.

Akwai wani kuma da ba ya fitowa a takardar albashi ko kaɗan. Daga Afrilu 2025 kason inshorar da mai ɗaukar ma'aikaci ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15, kuma ana fara lissafa shi daga fam 5,000 maimakon 9,100. A kan albashin da muka lissafa, mai kamfani yana biyan kusan fam 790 fiye da yadda zai biya a tsohon tsari. Gwamnati ta ce ba ta taɓa ma'aikata ba. IFS da OBR suka ce mafi yawan nauyin, kusan kashi uku cikin huɗu, a kan ma'aikacin zai ƙare, ta hanyar ƙarin albashin da ba za a yi ba. A gidajen kula da tsofaffi da ma'ajiyar kaya, inda mutanenmu suka fi yawa, yadda yake zuwa shi ne a rage awannin ƙari, ko wanda ya bar aiki a ƙi maye gurbinsa.

Ban ce cibiyoyin nan waliyyai ba ne. Kafin ka yarda da sharhin kowace, tambayi wa ke ba ta kuɗi. IFS tana bayyana masu tallafa mata, kuma ba ta raga wa kowace jam'iyya: a zaɓen 2024 ta zargi manyan jam'iyyun biyu da haɗa baki su yi shiru kan giɓin da ke jiran duk wanda ya ci. Tsohon shugaban Resolution Foundation kuwa, Torsten Bell, ya zama ɗan majalisa a 2024 a jam'iyyar Labour da ta kafa gwamnati, don haka 'yan adawa ke yi mata kallon 'yar gida, ko da lissafinta na da kyau. Institute of Economic Affairs an sha sukarta kan rashin bayyana masu ba ta kuɗi, ita ce kuma ta yaba kasafin ministan kuɗi na lokacin, Kwasi Kwarteng, na 23 ga Satumba 2022, wanda ya zaftare harajin kusan fam biliyan 45 ba tare da hasashen OBR ba. Darajar fam ta faɗi, kuɗin ruwan bashin gidaje ya tashi, firaminista Liz Truss ta sauka bayan kwana 49 a kan mulki.

Irin tambayar nan za ta yi muku amfani a gida. Sabuwar dokar harajin Najeriya mai aiki daga Janairu 2026 ta yafe naira 800,000 na farko a shekara. Idan masu sharhi irin na NESG, wato cibiyar nazarin tattalin arzikin Najeriya mai zaman kanta, suka fito a rediyo, ka saurara ko wani zai tambaya: za a riƙa ɗaga wannan adadi idan farashin buhun masara ya ninka, ko a nan zai tsaya?

Batun Auta kuma, ka hana shi ba wa kowane dillali ko sisi. Tun 11 ga Maris 2024 aka hana sabbin masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyali, kuma daga 22 ga Yuli 2025 an rufe ɗauko su daga waje baki ɗaya. Duk wanda ya ce zai samo masa wannan biza yanzu, kuɗinsa yake so.

Kuɗin wata zai ci gaba da zuwa yadda aka saba, in sha Allahu. Idan takardar albashin Afrilu ta fito zan turo maka hotonta ka gwada da lissafin nan. A gaishe da matarka da yara, a ce wa Baba ya ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ƙaninka.