Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu gyaran odinata, Yamai

Assalamu alaikum. Dattawanmu, masu gida, da ku yaranmu masu koyon aiki, ina gaida kowa da sunan biro. Ga rahoton abin da munka yi bana. Lissafin kotizasiyo da na gudummawar biki da rasuwa yana hannun ma'aji, shi zai karanta muku ranar reniyo, ni ba zan taɓa shi ba. Reniyon wata-wata an yi su, illa na cikin azumi da munka ɗaga.

Abin da ya ci mana rabin shekara shi ne maganar raba diski. Kowa a cikinmu ya san yadda kiliya ke shigowa ya ce a raba mini injin biyu, C da D, in Windows ya lalace kar kayana su tafi. Shawara ce mai kyau, mu ne muke yin ta da gaggawa. Da rani wata ɗaliba daga Harobanda ta kai odinatarta shagon wani ɗan uwanmu, mai gida ba ya nan, yaro ya buɗe Gestion des disques, kayan Windows na raba diski, ya ga wani ɗan yanki can ƙarshe ba shi da harafi, an rubuta Récupération, wato yankin da Windows ke gyara kansa da shi, ya ɗauka wuri ne ake ɓarna ya goge shi da wani logisiyel ya haɗa da D. Injin ya tashi lafiya, ta biya ta tafi. Bayan kwanaki batirinta dama ya mutu, aka ɗauke wuta ana cikin mizajur, Windows ya ƙi tashi, kuma hanyar gyaran da ya kamata ta fito babu ita. Na same ta zaune bisa banci ta rungume jakar odinatar tana kuka, memuwar ɗinta gaba ɗaya yana Bureau cikin C, sutnans ya kusa. Allah ya taimake mu munka cire diskin munka sa a buwatiye munka kwashe mata komi kafin a sake zuba Windows, amma wallahi ranar na ji kunya don sunanmu duka ne ya ɓaci, ba na shago guda ba.

Daga nan biro ya yanke a yi formasiyo, munka yi ta zama-zama, wani a wajen ƴan Katako wani a wajen ƴan Wadata don kar kowa ya ce nisa. Da tsofaffin injina munka koyar, kowa ya ɓata da hannunsa ya gyara. Abu na farko shi ne mutum ya san wane irin tsarin rabo ke kan diskin da ke gabansa, tsoho MBR ko sabo GPT. In MBR ne, yanki huɗu na asali kawai yake ɗauka kuma bai wuce tera 2, in GPT ne Windows na yarda har 128. Nan ne da yawa ke faɗawa rami, don injinan okaziyo na zamanin Windows 7, musamman HP, sukan zo da huɗun nan a cike tun daga masana'anta, SYSTEM da C da RECOVERY da HP_TOOLS, in ka nemi na biyar sai Windows ya tambaye ka ko ya mayar da diskin dinamik, wani tsari daban da na asali, kai kuma kana sauri ka danna Oui. Shi ke nan F11, maɓallin gyara na HP, ta daina aiki, kuma komawa baya da kayan Windows sai an share yankunan. Amsar wannan tambaya a'a ce, ko kiliya na tsaye bisa kanka.

A injinan UEFI kuma, wato masu sabon tsarin tashi da ya gaji tsohon BIOS, munka nuna musu jerin yadda yake, ɗan yankin EFI mai wajen mega 100 wanda daga shi injin ke tashi, sai na mega 16 da Gestion des disques ba ya ma nuna shi, sai C, sai na Récupération inda Winre.wim, fayil ɗin kayan gyaran Windows, ke zaune. Waɗannan ƙananan ba a taɓa su. C kaɗai ake ragewa da Réduire le volume, in ya ƙi raguwa yadda kake so to akwai fayilolin da ba su gusawa, a kashe hibernasiyo da pagefile, masu ajiye irin waɗannan fayiloli cikin C, na ɗan lokaci a sake gwadawa, daga baya a kunna su. Wani dattijonmu ya yi tambaya mai kyau, ya ce to in C ne ya cika ana son ƙara shi amma Étendre ya yi fari ba ya dannuwa saboda Récupération ya tsaya tsakani fa? Nan munka daɗe. A nan kaɗai ake taɓa shi: ana buga umarnin reagentc /disable tukuna don kashe kayan gyaran, Winre.wim ya koma cikin C, a goge yankin Récupération a ƙara C, a sake gina yankin a ƙarshen diski da alamarsa, a MBR alamar 27 ce, sannan reagentc /enable. A bar masa wuri da yalwa, kun tuna mizajur ɗin Janairu 2024 ta Windows 10 da ke tsayawa da 0x80070643, mega 250 na sarari take nema a wannan yankin.

Dokar da babban taro ya amince da ita, kuma ina roƙon masu gida su manna ta a bango. Ba a taɓa diskin kowa sai an kwashe kayansa a wani diski na waje a gabansa, sai an yi masa kile USB ta récupération mai tada injin in Windows ya ƙi, jiga 16 ko fiye, a gaya masa kilen za ta goge kuma takardunsa da hotunansa ba su shiga ciki. A duba BitLocker, makullin Windows da ke kulle diski, wasu injinan na zuwa da shi a kunne mai shi bai sani ba, in babu lambobi 48 na buɗe shi a hannu kar a sa GParted, logisiyel na raba diski. Sharjer a jone, batir a cike. An gama, a buga reagentc /info a gani a kunne yake, a riƙe maɓallin Maj a danna Redémarrer a ga shuɗin allon gyara ya fito da idonka. In injin na da maɓallin gyara na kamfani, F11 a HP, Alt da F10 a Acer, ɗan ramin Novo a Lenovo, shi ma a gwada. Na san wasu na cewa wanga aiki na cin rabin yini kuma kiliya ba ya ƙara ko dala. Gaskiya ne. Ni ra'ayina a faɗa masa kuɗin tun farko a nuna masa dalili, wanda ya ƙi ya tafi da injinsa, ya fi a karɓi ƴan canji a dawo da kuka.

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 aiki ya ƙaru, mutane na son 11, shi kuma yana neman UEFI da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin injin. Mun nuna mbr2gpt mai juya diski daga MBR zuwa GPT ba tare da gogewa ba, a fara da /validate, in ya wuce a juya, sannan a shiga BIOS a canza zuwa UEFI in ba haka ba injin ba zai tashi ba.

Abin da bai yiwu ba shi ma in faɗa. Mun ce za mu sayi babban diski na waje na ƙungiya da ondiler, mai ƙaramin shago ya ara ya ɗauki hoton diski da Clonezilla kafin aiki, har yanzu kuɗin bai cika ba. Kuma abin da ya fi damuna, yara ba su zo formasiyo da yawa ba don masu gida sun ƙi sakinsu, alhali su ne ke zaune gaban injin in kun fita. Don Allah iyayenmu a zama na gaba kowane shago ya turo yaro guda ko da rabin yini ne, ya zo da kile wadda babu komi cikinta, injinan koyo suna wurina.

Sakataren ƙungiya